Mu Kai Ƙara, Mu Tsaya Shaida, Mu Ceci Yaranmu!

'Yan uwana maza da mata, iyaye da kakanni, malamai da masu unguwanni, ku ba ni aron kunnuwanku. Maganar yaranmu ce. Maganar yarinyar da aka lalata a kango, aka ce ta ja bakinta ta yi shiru. Maganar yaron da aka ƙona wa hannu saboda naira ɗari ta yi ɓatan dabo. Maganar almajirin da aka yaudara da ɗumamen tuwo. Maganar 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, ana jibgarta safe da yamma, ba mai cewa uffan. Duk mun san ana yi. Duk mun san zalunci ne. Abin da ya rage shi ne mu motsa.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya. Abin da ta gano ya isa ya hana kowane uba barci. Cikin yara 10, guda 6 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 an taɓa mutuncinta. Yaro namiji 1 cikin 10 shi ma haka. Waɗanda suka samu wani taimako kuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. To, ina sauran? Suna gidajenmu. Suna makarantunmu. Suna ɗauke da farantin talla a tashoshinmu. Suna haɗiye abin su kaɗai.

Kada wani ya ce babu doka. Akwai doka. Akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003. Akwai Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015. Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, sannan a 2020 ta tanadi hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Kano ma ta sa hannu a kan tata dokar kare yaran a 2023. Tun Nuwamban 2019 aka buɗe kundin ƙasa da ake rubuta sunayen masu laifin lalata, a ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP.

Kada wani ya ce babu wurin zuwa. Akwai wurin zuwa. A caji ofis da yawa akwai sashen kula da mata da ƙananan yara, galibi mata 'yan sanda ne ke zama a wurin. A hedikwatar kowace jiha akwai sashen binciken manyan laifuka, wato CID, kamar wanda ke Bompai a Kano. 'Yan uwanmu na Nijar suna da sashen 'yan sanda na kare yara da mata. Mazauna zango-zango na Ghana suna da irin wannan sashe mai suna DOVVSU, wanda tushensa ke komawa 1998.

Amma ku ji wannan da kyau: ɗan sanda ba boka ba ne. Ba ya buga ƙasa ya gano abin da ke faruwa a uwar ɗaka. Ba ya jin kukan da ake toshewa da filo. Abin da muka kai masa da shi yake aiki. In mun kai masa labari, ya samu bakin zare. In mun kai masa shaida, ya samu abin riƙewa. In mun yi gum, ya tashi a tutar babu, azzalumi kuma ya koma kan wani yaron.

Ku tuna Rigasa. A watan Satumba na 2019 'yan sandan Kaduna suka kutsa wani gida da ake kira gidan gyaran tarbiyya, suka fito da mutum sama da 300, da manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk tabon bulala. Tsegumi aka kai musu. Daga nan aka bankaɗo irinsa a Daura da Zariya.

Ku tuna Badariya a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2020 aka fito da wani yaro maraya ɗan kimanin shekara 10 daga turken dabbobi, inda ya shafe kusan shekara biyu a ɗaure. Shekara biyu, jama'a! Sai da magana ta fita daga gidan sannan hukuma ta iso.

Ku tuna yaran Kano tara. A watan Oktoba na 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta bayyana cewa ta gano su a Onitsha ta jihar Anambra, an sayar da su, an sauya musu suna. Iyayensu ba su gaji da cigiya ba, masu bincike kuma suka bi sawu har can. A watan Yuli na 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104.

Ku tuna Hanifa, 'yar shekara biyar. An sace ta a Kano a watan Disamba na 2021. Wanda ya ɗauke ta ba baƙo ba ne, mai makarantarsu ne, wanda ta sani ta kuma yarda da shi. Jami'an tsaro sun cafke shi a kan batun karɓar kuɗin fansa, aka gurfanar da shi, shaidu suka tsaya, kuma ranar 28 ga Yuli, 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Allah ya jiƙan Hanifa. Darasin da ta bar mana mai ɗaci ne: mai cutar da yaro sau da yawa fuskarsa sananniya ce. Maƙwabci ne. Mai shago ne. Malami ne. Kawu ne. Wani lokacin ma na cikin gida ne.

To, in abin ya faru, me za mu yi? Ga shi dalla-dalla. Ku riƙe, ku gaya wa na kusa da ku.

Na farko, a saurari yaro. In ya buɗe baki, kada a daka masa tsawa. Kada a ce, "Ke rufe mana baki, kin san wa kike faɗa kuwa?" Kada a ce, "Me ya kai ki ɗakinsa?" A zaunar da ita. A ce mata, "Na ji, kuma ba laifinki ba ne." A bar ta ta faɗa da bakinta, yadda ta iya. Kada a sa mata magana a baki. Kada a tara mata dangi kowa yana jefo tambaya. Yaron da aka yi ta juya wa tambaya yakan rikice, labarinsa ya riƙa sauyawa, kuma wannan sauyin ne lauyan wanda ake tuhuma zai kama a kotu. Shi ya sa ƙwararren mai bincike ke keɓe yaro a wuri mai natsuwa, tare da babban da ya amince da shi, ya yi masa tambaya a hankali, ya rubuta kalmominsa kamar yadda ya furta su.

Na biyu, kada a wanke! Iyaye mata, wannan taku ce. Na san zuciyar uwa. Tana ganin jini a zanen 'yarta, abin da zai fara zo mata shi ne ta hura wuta, ta dafa ruwan bagaruwa, ta gasa yarinya, ta jefa kayan a bokiti. Tausayi ne ya sa, amma ruwan nan da shaida yake tafiya. Kada a yi mata wanka. Kada a wanke wando da zane da shimfiɗa. A naɗe su a takarda mai tsabta, ba a leda ba, domin leda na riƙe danshi ta ɓata abin da likita zai gwada. In duka ne ko ƙuna, a bar likita ya ga raunin, a ɗauki hotonsa a adana. In saƙonni ne a waya, kada a goge.

Na uku, a garzaya asibiti. Yau, ba gobe ba! Akwai maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan fyaɗe, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, wato kwana uku. In aka wuce, dama ta kuɓuce. Akwai cibiyoyin da aka kafa domin wannan aiki kaɗai. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala. A jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri da Tudun Wada da Zariya da Kafanchan. A Sakkwato akwai cibiyar Nana Khadija. Inda babu cibiya, a nufi babban asibitin gwamnati. A nan za a duba yaro, a ba shi magani, a kwantar masa da hankali, a rubuta rahoton likita.

Ku san muhimmancin wannan rahoto. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 209, ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Kun ji dalili! Yarinya za ta faɗi gaskiya tsagwaronta, amma in babu rahoton likita, babu kayan da ta sa, babu maƙwabcin da ya ga shigarta ɗakin, sai alƙali ya rasa abin da zai dogara da shi. Mai laifi ya fito yana murmushi. Mu ne ke riƙe da sauran hujjar. Kada mu zubar da ita.

Na huɗu, a kai ƙara caji ofis. A nemi sashen mata da yara. A tabbatar an rubuta ƙorafin. A karɓi suna da lambar wayar ɗan sandan da aka ba binciken. Shi zai ɗauki jawabai, ya je inda abin ya faru, ya tattara kayan shaida, ya kamo wanda ake zargi. Fyaɗe babban laifi ne, ba a kashe shi a kan teburin DPO. Ana miƙa shi ga CID, a kai wanda ake zargi gaban majistare a tsare shi, a tura fayil Ma'aikatar Shari'a domin lauyoyin gwamnati su ba da shawara, sannan a gurfanar da shi a babbar kotu. In kuwa haɗarin a cikin gida yake, 'yan sanda da jami'an walwalar jama'a na Ma'aikatar Mata za su iya ɗauke yaro su kai shi inda zai tsira. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce. Ta NAPTIP 627 ce. Ku sa su a wayoyinku yanzu.

In yaro ɓata ya yi, kada a zauna jiran gari ya waye. A yi cigiya a masallaci. A sanar da mai unguwa. A kai rahoto caji ofis da hotonsa na kwanan nan. A leƙa tashoshin mota. Awannin farko su ne masu tsada, domin kafin a ankara an tsallake gari da shi.

Na biyar, kuma a nan gizo ke saƙar: kada a yarda da sulhu! Mun san yadda ake yi. Da magariba za a yi sallama a ƙofar gida. Dattawa ne, da manyan riguna. Za su ce, "Malam, a rufa asiri." Za su ce, "A kashe wutar nan, duk ɗaya muke." Za su ce, "Wa zai aure ta in magana ta fita?" Za su ce, "A bar wa Allah." Sai a turo ambulan ƙarƙashin tabarma, a ce kuɗin magani ne. Washegari uba ya je ya ce ya janye.

Asirin wa aka rufa? Na yarinyar da ke firgita cikin barci? A'a, na wanda ya cuce ta aka rufa. Shi aka ba lasisi. Gobe 'yar wani ce, jibi ɗan wani ne. Duk wanda ya karɓi ambulan nan yana da kamasho a abin da zai samu yaro na gaba. Sulhu na rikicin gona ne. Sulhu na bashi ne. Sulhu na saɓanin ma'aurata ne. Ba a sulhu a kan mutuncin yaro! Barin abu ga Allah ba ya nufin naɗe hannu, kuma addininmu ya hana ɓoye shaida. Abin kunyar na mai laifi ne, ba na yarinya ba. Mu sauke mata wannan kaya, mu ɗora wa mai shi.

Haka nan kada mu ɗauki doka a hannu. Zuciya za ta tafasa, gaskiya ne. Amma in matasa suka far wa wanda ake zargi da gora da duwatsu, an kashe bincike. In yana da abokan ta'asa, sun sha. In kuma ba shi ba ne, an zalunci bawan Allah, an bar mai laifin yana yawo. Bincike na kama mai laifi, yana kuma wanke wanda aka yi wa ƙazafi. A riƙe shi, a miƙa shi, a bar kotu ta yi aikinta.

Masu waya, ku ji tsoron Allah. Kada ku ɗora hoton yarinya a Facebook. Kada ku yaɗa sunanta a WhatsApp. Kada ku ɗauki bidiyonta tana kuka kuna mata tambaya. Doka ta hana fallasa yaron da maganarsa ke gaban shari'a. Abin da ya hau intanet ba ya sauka. Za ta girma ta tarar da shi yana jiranta.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai zuwa wajen 'yan sanda wahala ce." Ba ƙarya suka yi ba. Akwai inda za a nemi kuɗin mai. Akwai inda za a nemi kuɗin fayil. Akwai inda za a sauya wa mai bincike wurin aiki, magana ta kwanta. Akwai ɗage zama bayan ɗage zama, har talaka ya gaji. To amma gajiyarmu ita ce nasarar azzalumi. In an yi maka wasa da ƙara, hau sama. Je wurin DPO. Rubuta wa kwamishina. Nemi kakakin rundunar jiha. Tun 2015 rundunar 'yan sanda ke da sashen karɓar ƙorafin jama'a a kan jami'anta. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ke tsaya wa mata da yara. Kada ka tafi kai kaɗai. Tafi da ɗan uwa, tafi da mai unguwa, tafi da wanda ya iya rubutu. Fayil ɗin da mutum goma ke tambayar labarinsa ba ya ɓata da sauƙi.

Kuma in ranar kotu ta zo, a je! Shari'u da yawa ba rashin gaskiya ke kashe su ba, rashin shaidu ne. Maƙwabcin da ya ga komai sai ya ce ba ya son shiga rigima. Uwa ta rasa kuɗin mota. Alƙali ya kira, ya sake kira, ba kowa, sai ya kori ƙara. Jama'ar unguwa, ku yi karo-karo. Ku biya wa iyayen kuɗin mota. Ku raka su. Ku cika bencin kotu, yaron nan ya waiga ya ga ba shi kaɗai ba ne.

Yanzu kowa ya ɗauki nasa.

Uwa, ki duba jikin ɗanki lokacin wanka. Ki lura da tafiyar 'yarki. In ta dawo da fitsarin kwance bayan ta daina, in tana ɓuya duk sanda wani ya shigo, in tana zuwa da alewa da kuɗin da ba ki san tushensu ba, ki tambaya da lallashi. Ki koya mata cewa akwai wuraren jikinta da ba mai ikon taɓawa. Ki koya wa ɗanki namiji haka, domin su ma ana cutar su.

Uba, ka zauna da 'ya'yanka. Ka san wa ke kai su makaranta, wa ke ɗauko su. Ka koya musu cikakken sunanka da unguwarku da lambar wayarka. Ka daina aiken ƙaramar yarinya shago da daddare. In ka kai ɗanka karatun allo wani gari, ka bi sawu, ka ga inda yake kwana, ka ga abin da yake ci.

Malam, na allo da na Islamiyya da na boko, amana ce a hannunka. Kada a keɓe da yaro ƙofa a rufe. Kada a ɗauki ma'aikacin da ba a san tarihinsa ba. In ka ga tabo a jikin ɗalibi, ka bincika. In abokin aikinka ne ya yi ɓarna, kada ka fifita sunan makaranta a kan ran yaro.

Liman, ka hau mumbari da wannan magana. Fasto, ka faɗe ta a coci. Ku gaya wa jama'a cewa tona asirin azzalumi ba gulma ba ce.

Mai unguwa, dagaci, hakimi, ranku ya daɗe, zaurenku ne matattarar farko. In an kawo muku irin wannan, kada ta kwana a zaure. Ku miƙa ta gaba. 'Yan Hisbah da 'yan sintiri, ku ma haka.

Mai kemis da ungozoma, in an kawo muku yarinya da rauni a ɓoye, kada ku ba da magani ku kawar da kai. Ku tura su asibiti.

Direba da ɗan kamasho da mai adaidaita sahu, ku buɗe ido. In kun ga babba da yaron da ke ta kuka, ba sa ma jin yaren juna, ku yi tambaya. Tambaya ɗaya a tasha tana iya mayar da ɗa ga uwarsa.

'Yan sanda, 'ya'yanmu ne ku, ƙannenmu ne ku. Uwar da ta shigo ofishinku tana rawar jiki, kada ku tambaye ta kuɗin mai. Ku ba ta kujera. Ku saurari yaron kamar naku. Ku ƙi cin hanci a kan jinin yara.

Gwamnoni da 'yan majalisa, a watan Yuni na 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Mun ji sanarwa, yanzu aiki muke son gani. Ku ba sashen mata da yara mota da mai da ɗakin ganawa. Ku horar da masu bincike. Ku kai cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu har ƙananan hukumomi. Ku hanzarta shari'a.

'Yan uwa, ɗa na kowa ne. Kada mu jira sai abin ya faɗo gidanmu. Ka ji kuka ta katanga? Ƙwanƙwasa ƙofa! Kin ga tabo? Yi tambaya! Yaro ya faɗa maka? Yarda da shi! Abin ya faru? Asibiti! Daga asibiti? Caji ofis! An zo da ambulan? Mayar musu! An kira shaida? Tashi ka tsaya! An ɗage zama? Koma! An sake ɗagewa? Sake komawa! Ku faɗa a majalisa, ku faɗa a gidan suna, ku faɗa a kasuwa, ku faɗa bayan sallar asuba. Daga yau, duk mai niyyar taɓa yaro ya san cewa unguwa guda zai taɓa, kuma unguwar nan ba za ta bar shi ba sai ta ga ƙarshen shari'a. Mu tashi, jama'a! Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu ƙarfin zuciyar tsaya musu.